Kaji a Ƙarƙashin Rumbun Baba

A gidanmu na Fammar rumbu biyu ne. Ɗaya na ci, wanda ake ɗebo mana damin da za mu sussuka, ɗaya kuma na tsimi, babban rumbun ƙasa da ke bayan ɗakin Inna, zaune a kan duwatsu da jinkarsa kamar malafa. Shi wannan ba a taɓa shi. Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina shi tun zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsu su ƙone amfanin gona, don in an wayi gari ba komai a samu abin kaiwa baki. Ko da Nasara ya zo hari ya mutu, Baba bai sake hali ba. Duk kaka sai ya hau ya fitar da tsohuwar dawa ya jera sabuwa, 'ya'yansa maza na miƙa masa dami daga ƙasa, ya shafe bakin da laka, ya sauko yana kakkaɓe hannu bai ce wa kowa uffan ba.

Haka al'adar take a gidajenmu na manoma. Cikin rumbu asirin gida ne. Maigida kaɗai ke leƙawa, mace kuwa ko tsanin ba ta taɓawa. Tsofaffi suna cewa ido da yawa yana korar albarkar hatsi. Ni da na girma na hango wata hikimar a ciki: in mata sun ga rumbu cike hannunsu zai saki, in sun ga ya yi ƙasa hankalinsu zai tashi, in maƙwabta suka ji kuwa sallama ba za ta yanke a ƙofa ba. Saboda haka mutum ɗaya ke ɗauke da sanin, sauran mu ci mu yi hamdala.

Ni na dawo gidan ne da 'ya'ya biyu bayan na fita takabar mijina a Fassi. Dangin mijin ba mugaye ba ne, amma a gidansu bakuna sun fi hannuwa yawa, kuma na ga irin kallon da ake yi wa akushin 'ya'yana. Baba ya aika aka ɗauko mu. Ya ce muddin gandunsa na tsaye, ba jikansa da zai kwana da yunwa. Gandu kuwa shi ne babbar gonar gida, wadda 'yan'uwana maza uku ke nomawa tare a ci a tukunya ɗaya, kowannensu kuma da 'yar gayaunarsa a gefe da yake yi wa kansa da yamma. Ni ba miji, ba gayauna. Tukunyar nan ɗaya ita ce gatana. Ranar da aka raba ta kowa zai ja matarsa da 'ya'yansa, ni in zama kayan da ake cewa yau wa zai ɗauka.

Baba ya yi doguwar jinya. Kaka biyu bai iya hawa tsani ba, kuma bai yarda wani ya hau masa ba, don a ganinsa ba a gadon mutum yana numfashi. Ya rasu bayan an shigo da amfani, gida ya koma hannun babban wanmu, wanda duk muke ce wa Yaya. Yaya mutum ne mai nauyin baki, kalma ɗaya sai ya tauna ta kamar busasshen goro kafin ta fito. Mai bi masa, wanda zan kira Na-tsakiya, Allah ya yi shi da kirki da ƙarfin noma, sai dai duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne malaminsa. Daga shi sai ni, sai autanmu, wanda ya taso da ƙafar yawo. Duk rani yana bin fatake da jakuna daga kasuwar Rano zuwa birni, ya dawo da labari cike da baki.

A shekarar ne maganar gyaɗa ta cika ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano ba da daɗewa ba, wai kuma Turawa gyaɗa suke so, duk yawan da aka kai saye suke yi. Mu dariya ma abin ya fara ba mu. Gyaɗa ai kayan mata ce, 'yan kunyoyi a bayan gida, a yi ƙuli-ƙuli a samu man miya. Amma Auta ya gani da idonsa. Ya dawo ya ce bana a ba gyaɗa babbar gona. Hujjarsa ɗaya ce kuma mai ƙarfi: ga rumbun tsimin Baba nan cike, ko dawar bana ta yi kaɗan ba za mu ji a jikinmu ba. Yaya ya ce dawa za a shuka. Aka ce don me? Ya ce haka Baba ke yi.

"Haka Baba ke yi" magana ce mai rufe baki, amma ba ta kwantar da zuciya. A gaban Yaya kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce to, a tashi a kan dawa. Ranar kasuwa ta zagayo, Auta ya raka Na-tsakiya Kibiya, su zauna da dillalai, su dawo da yamma Na-tsakiya ya fi Auta son gyaɗa. A sake zama a zaure, biyu a kan ɗaya. Can Yaya ya ce to a raba gonar, rabi da rabi. Kwana kaɗan abin ya dame shi, ya ja Na-tsakiya gefe ya tuna masa da Baba, Na-tsakiya ya yi ƙwalla ya koma dawa. Haka aka cinye bazarar nan. Shawarar gidanmu ta zama kamar tabarmar da ake shimfiɗawa da safe a naɗe da yamma.

Mu mata mu muka fi shan wahalar abin. A aiko a ce mu ɓare irin gyaɗa, mu zauna muna ɓara har yatsu su yi ciwo, sai a aiko a ce mu bari, a sauko da zangarniyar irin dawa. Mu fara murzawa, a ce a dakata tukuna. Akwai wani Bafulatani da ya saba kwantar da shanunsa a gonarmu duk rani don taki. Ya zo ya tambaya wane ɓangare zai sa su, don dawa ce mai son taki, gyaɗa ba ta damu da shi sosai ba. Yau a nuna masa gabas, jibi a ce ya matsa yamma. Ran nan ya kora shanunsa ya kai su gonar maƙwabcinmu, ya bar mana sallahu cewa in mun gama shawara mu aika masa. Na ji haushin wannan ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Na daɗe ina juya abin a raina, me ya sa maganarsu ba ta kwana. Ba ƙiyayya tsakaninsu, kuma babu wawa a cikinsu. Abin da na gano daga baya shi ne kowa da mudunsa yake awo, kuma abin da ke cikin mudun ɗan'uwansa bai gani ba. Wanda ya ce to don ganin ido, to ɗinsa ba ya wuce bakin zaure. Yana fita iska ta buge shi sai ya tuna ba a gamsar da shi ba, an dai fi shi girma ne ko an fi shi yawa.

Ana cikin haka ni kuma kaji suka tsaya mini a rai. Ni ke sharar bayan ɗakin Inna. Tun farkon rani na lura kajin gidan sun tare a ƙarƙashin rumbun tsimi. A watsa musu dusa a tsakar gida su yi mata tsinci biyu su koma can suna tono. Sun yi ɓul-ɓul, a lokacin da kajin maƙwabta duk ƙashi ne da gashi. Wata rana na durƙusa na leƙa. Ɗaya daga cikin duwatsun da rumbun ke kai ya nitse, gindin ya kusa taɓa ƙasa, ga jan gini na gara ya hau ta jikin dutsen ya shige ciki. Na miƙe na ci gaba da sharata kamar ban ga komai ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Na farko dai ba hurumina ba ne, mace da zancen rumbu. Na biyu kuwa, wanda ya fi nauyi, na yi lissafin kaina. Muddin kowa na zaton rumbun nan cike yake, ni da 'ya'yana ba ma yi wa kowa nauyi. Ranar da aka san gara ta shiga, aka fara ƙirga bakuna, bakunan da za a fara gani su ne namu, waɗanda ubansu ɗan wani gida ne. Sai na ja bakina na tsuke. Daga baya na gane matar Yaya ta ga kajin, matar Na-tsakiya ta gani, har amaryar Auta da ba ta cika shekara a gidan ba ta gani. Kowacce tana zaton ita kaɗai ta sani, kowacce tana gudun a ce ita ta fara baƙin baki. Muna daka a turmi ɗaya, muna hirar kitso da tsadar gishiri.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, alamar ruwan shuka ya kusa, har yanzu ba a san abin da za a sa a ƙasa ba. Ran nan na kai musu ruwa zaure bayan la'asar, na ji Auta da kunnena. Ya ce shi ya gaji da yau fari gobe baƙi. In ba za a ji maganarsa ba, a yanka masa rabonsa na gona, a buɗe rumbun tsimi a ba shi nasa kason, ya yi gyaɗarsa, in ya faɗi ya faɗi shi kaɗai. Yaya ya ce ba a buɗe rumbun tsimi sai da yunwa. Auta ya ce to gobe da safe za a yi ta ta ƙare. Na-tsakiya yana kallon wannan yana kallon wancan. Na ajiye ƙwaryar ruwan na fita.

Na wuce wurin Inna, na same ta a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Na zauna na ɗauki auduga ina gurza, na rasa ta inda zan fara. Can na ce, "Inna, kin ga kajin nan kuwa?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na fi ki kusa da rumbun. Da dare har motsinsu nake ji."

"Motsin kajin?"

"Motsin garar."

Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta murza mazari ta ce, "In faɗa wa wa?"

Nan na tuna. Yaya ɗan farinta ne. Tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in tana da saƙo gare shi sai ta faɗa wa bango a gabansa, ta ce a gaya wa mai gidan nan kaza. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Inna ta riƙe ta da kyau, har ana misali da ita a unguwa. Ga uwa ta sani, ga ɗa, ina kyautata zato, ya sani, ga ɗaki da ɗaki, amma ba hanyar da magana za ta bi ta isa.

Ta ce, "Gobe ke za ki kai musu fura."

Na ce, "Inna, in aka buɗe aka ga ba komai, ni fa?"

Ta dube ni a karo na farko. Ta ce, "In ba a buɗe ba aka raba, ke fa?"

Da hantsi suka zauna. Na dama fura na kai, na durƙusa na ajiye a gaban Yaya. Maimakon in tashi sai na zauna a kan ƙafafuna. Yaya ya dube ni, don ba a saba ba. Duk maganar da na shirya ta gudu, abin da ya fito shi ne, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri. Kajin gidan nan me suke ci a ƙarƙashin rumbun Baba?"

Auta ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya bari. Ludayin da ke hannun Yaya ya tsaya a hanya. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ya ce a hankali, "Tashi ki shiga gida."

Kafin in motsa sai ga Inna a ƙofar zaure ta ciki, ta dafa bango. Ba ta yi wa bango magana ba. Ta dubi Yaya ido cikin ido ta ce, "Kai nake wa magana. Ubanka gida ya bar maka, bai bar maka dutse ka haɗiye ba. Sa tsani."

Yaya ya sauke kai ƙasa kamar yaron da aka kama. Ya ce, "Inna, mata fa suna tsakar gida."

Ta ce, "Su ne za su auna abin da ya rage. Har su."

Aka jingina tsani. Su ukun suka kama jinkar suka sauke, Yaya ya fasa lakar bakin, ya sauko ya tsaya gefe. Na-tsakiya ya fara hawa, ya leƙa, ya ce ai ga dawa nan. Yaya ya ce masa ɗaga na saman. Ya ɗaga dami, ya ɗaga wani, sai muka ji ya yi salati. Auta ya hau ya daɗe bai sauko ba. Sai matan, ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe zane suna hawa. Ni ce ta ƙarshe. Tun ina yarinya nake zagaya rumbun nan, a raina cikinsa wani wuri ne mai tsarki. Da na leƙa, abin da na gani shi ne 'yan dammuna masu kyau a sama, ƙarƙashinsu kuwa jar ƙasa ce tun daga gindi har kusan wuya, da ramuka-ramuka, da tsinken zangarniya a cikinta ba ƙwaya ko ɗaya. Wari irin na tsohuwar rijiya ya bugi hancina.

Matar Yaya ce ta gane dammunan saman. Baba kaura kaɗai yake tsimi, ja, don ita ke jure ajiya. Waɗannan kuwa farafara ce, kuma farafara a gidan nan gayaunar Yaya kaɗai ke yin ta. Ta rufe baki da gefen mayafi, don tun kaka take tambayarsa ina dawar gayaunarsu ta shiga yana ce mata tana nan.

Yaya ya yi bayani yana kallon ƙasa, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya ce bayan sadakar arba'in ya hau, ya ga abin da muka gani. Ya ce in ya faɗa, za a ce Baba ya bar gida a kan iska, mutumin da duk Fammar ke misali da tanadinsa. Sai ya ƙudura ya rufa wa Baba asiri, ya zuba dawar gayaunarsa a sama, kaka ta zo ya fasa rumbun ya gina sabo ya cika, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ya ce ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Auta yana zaune a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa. Can ya ce shi ma akwai abin da bai faɗa ba. A birni dawa ta fara tsada, don ƙauyukan da ke kusa da Kano duk sun karkata ga gyaɗa, fataken da ke shiga da gyaɗa hatsi suke nema su fito da shi. Wanda ya dogara ga saye bana zai sha mamaki. Yaya ya ce me ya sa bai faɗa ba. Auta ya ce, "Don zai ƙara maka ƙarfi a kaina."

Sai ga Na-tsakiya, wanda duk bazarar nan bai furta wata magana tasa ta kansa ba, ya gyara murya. Ya ce akwai jigawar da ke ƙarshen gona ta arewa, wadda dawa ba ta taɓa yin kirki a cikinta ba tun yana yaro, sai tsawon kara ba kai. Rairayi ne mai laushi, irin wanda gyaɗa ke so. A sa ta can, a bar wa dawa da gero sauran. Auta ya ce, "To kai me ka tsaya jira tun tuni?" Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Ku dawa ko gyaɗa kawai kuke cewa in zaɓa."

Shawarar da ta gagari bazara guda, ba a gama shan furar da na dama ba aka yanke ta.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yaya ya ce tunda an buɗe, a buɗe duka. Ya faɗi abin da ya rage a rumbun ci, aka haɗa da 'yar farafarar nan, matan suka auna a ka da irin abin da muke ɗorawa kullum. Ko an tsuke hannu ba zai kai mu sabon gero ba. Ba wanda ya dube ni, kuma rashin kallon ya fi kallo zafi. 'Ya'yana suna can gindin bango suna wasa da ƙasa ba su san komai ba. Na ga gara in faɗa da bakina kafin wani ya sha nauyin faɗa. Na ce zan iya kai yaran Fassi wurin dangin ubansu, in zauna da su can har kaka.

Auta ne ya ɗago, shi da jiya yake neman a yanka masa rabonsa. Ya ce, "A'a. Ai kin hau tsanin. Duk wanda ya leƙa rumbun nan yau, ba inda za shi. Tare muka gani, tare za mu ci abin da muka gani." Na-tsakiya ya ce haka ne, kuma a karon nan na san ba don Auta ne ya yi magana a ƙarshe ba. Na shige ɗakin Inna na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mijina.

Daminar nan mun ji jiki. Tuwo sau ɗaya a yini, sauran kwaɗon rama da tafasa, har na tsani ganin koren ganye. Gonar ba ta sami taki ba, Bafulatanin ya riga ya tafi. Amma abin mamaki, maganar ba ta sake tashi ba. Bayan an yi shuka wani dillali ya zo har zaure da gishiri da alkawarin ƙyalle, yana cewa har yanzu da sauran lokaci, a tuge wani ɓangaren a sa gyaɗa. Ya tarar da Na-tsakiya shi kaɗai, irin damar da a da ta isa ta juya gidan. Na-tsakiya ya saurare shi tsaf, ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya. Yara in sun yi kukan yunwa, ba uwar da ta yi gunaguni cewa ana ɓoye hatsi, don kowacce ta ga jar ƙasar nan da idonta, kuma ta san 'yar'uwarta ta gani. Ina jin wannan na biyun shi ne ƙashin bayan abin. Da can ma kusan duk mun sani, amma sanin da kowa ya ƙulle a bakin zanensa bai hana mu tangaɗi ba. Sai da aka sani a gaban juna, ta yadda ba mai iya cewa shi bai ji ba, sannan ƙafarmu ta tsaya.

Ba zan ce shawarar ita ce mafi kyau ba. A kakar nan maƙwabcinmu da ya cika gonarsa da gyaɗa ya ɗinka wa matansa sababbin zannuwa, ya sayi jaki, mu kuwa ci kawai muka samu. Matan gidanmu sun kalli zannuwan, ni ma na kalla. Sai dai ba wanda ya ce da mun sani, ba wanda ya nuna wani da yatsa, don ba mutum ɗaya ya ɗora mana ba. Har ma abin ya so ya yi yawa. Shekaru bayan haka, lokacin da rumbuna suka cika kuma gyaɗa ta zama abin kowa, da wani ya kawo maganar ƙara mata fili sai a ce a tuna da rumbun Baba, magana ta mutu. Abin da mutane suka gani tare yana riƙe su, wani lokaci har ya wuce ranar da ya kamata ya sake su. Auta ya yi ta fama da mu kafin a ƙara masa 'yan kunyoyi.

Yaya ma ya biya nasa. Baba tsoronsa ake yi, don shi kaɗai ya san abin da ba wanda ya sani. Yaya tun daga ranar bai sake samun wannan kwarjinin ba. In ya ce a yi kaza sai an ce don me, har matan sukan aiko da nasu ra'ayin ta bakina. Tsofaffin unguwa sun yi ta zunɗensa, wai ya bar mata sun hau masa tsani. Na taɓa tambayarsa ko abin na damunsa. Ya tauna maganar kamar yadda ya saba, ya ce yana damunsa, amma yanzu yana barci. Inna kuwa ta koma yi wa bango magana har ta bar duniya, sau ɗayan nan ne kawai.

Da aka yanke dawa suka rushe tsohon rumbun, suka kwashe jar ƙasar suka kai gona. Kajin suka yi kwanaki suna zagaya wurin kamar masu zaman makoki. Aka gina sabo a kan manyan duwatsun da Na-tsakiya ya ɗauko daga gindin dutse, aka zuba toka a ƙarƙashi. Ranar da aka gama jera dami ina can ina sheƙa a bayan gida, sai aka ce Yaya na kira. Na zo da ƙaiƙayi a kaina. Ga su duk a tsaye, laka a kwaɓe tana jiran a shafe baki, Yaya ya dafa tsani. Ya ce, "Ba a rufe ba tukuna. Hau ki ga abincin 'ya'yanki."

Na hau. Dawa ce kawai, kaura ja, har baki. Na daɗe ina kallonta fiye da yadda ya kamata, don ba na so in sauko su ga idona. Yaya na riƙe da tsanin, bai ce in yi sauri ba.